Aikin Mamaci a Ranar Hutun Injuna

Malamin da aka ɗauko daga haikali bai gama kunna kafur ba, sai tsohuwar firintar da ke kusurwar ɗakin injuna ta yi tari, ta kama bugawa.

Mutum ashirin da biyu ne a ɗakin, duk ba takalmi, kowa ya haɗe tafukansa a ƙirji. Asabar ce, ranar Ayudha Puja, ranar da duk abin da mutum yake neman abinci da shi ke hutawa. A Coimbatore, can kudancin Indiya, ranar nan ko almakashin tela sai an ɗiga masa kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi an aza masa fure, kuma ba mai taɓa shi sai gari ya waye. Babbar kwamfutar wannan cibiya tana tsaye, baƙa, doguwa kamar kabad ɗin amarya, an rataya mata sarƙar furanni. Ma'aikata suna kiranta Kaka.

Firinta ta buga layi, ta yi shiru, ta sake bugawa, ta sake. A gefenta wani tsohon allo mai koren rubutu ya farka. Furanni na kwance a kan maɓallansa, ko ɗaya bai motsa ba. Sunan da ya fito a allon, sau uku a jere, na Sambandam ne, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da Kaka, wanda kuma aka ƙone gawarsa kwana arba'in da suka wuce.

Kafur ya faɗi daga faranti. Wata mai shara ta yi waje da gudu tana kiran sunan uwarta.

Insfekta Vedavalli ta iso sha ɗaya da kwata, gaban jif ɗinta da jan gari da lemon tsami na bikin ranar. Ta haura hamsin, kuma kwamfuta ba ta dame ta ba. Abin da ta iya shi ne kallon hannun mutum lokacin da bakinsa yake magana. Ta cire takalmi ta shiga. Sanyin ɗakin ya kama ta daga tafin ƙafa. Ƙamshin turare ya haɗu da warin roba mai ɗumi, ga kuma wani gurnani a ƙasa-ƙasa wanda ba ya tsayawa, kamar mutane masu yawa suna addu'a a bayan bango.

Manajan cibiyar, Yogesh Tandon, mutumin Delhi ne, wata takwas ke nan da zuwansa. Shi ya tarbe ta da takardar da firinta ta buga a hannu.

"Madam, kafin a cika miki kunne da fatalwa, bari in gaya miki. Laifi ne aka yi, kuma babba. Mu ke riƙe wa asibitoci goma sha tara jerin masu jiran dashen ƙoda. Idan an samu ƙoda, likita ya duba jerin, na sama shi ake kira. Wani aiki da aka tura wa Kaka da sunan marigayin ya shiga ya rubuta cewa ta farko a rukuninta ta mutu."

"Ta mutu?"

"Mun kira asibiti. Yanzu haka tana kwance ana wanke mata jini. Ponnuthayi, mai sayar da furanni. Shekara shida tana jira."

"Wa ke da kalmar sirrin marigayin?"

"Tana cikin ambulan, a akwatin ƙarfe. Makulli na hannun Dhandapani." Ya nuna wani tsoho da ke zaune a ƙasa, ya jingina da bango. "Ba na son faɗa. Ni da kaina na je asibiti sau biyu na gaida Sambandam, na san amincinsu. Amma da na zo rufe sunan marigayin a na'ura, tsohon nan ne ya riƙe hannuna, wai in bari sai bayan puja. Kin ga dalili yanzu. Ana iya ɗana aiki kamar agogon tashi, ya tashi lokacin da kake tsaye cikin mutane."

Hannunsa na ninke gefen takardar yana warwarewa. Vedavalli ta karɓe ta.

Ba ta gama dubawa ba wayarta ta yi ƙara. Mataimakin Kwamishina ne. Wani babban likita yana cikin waɗanda suka ga abin, magana ta riga ta kai sama.

"An ce akwai tsoho mai makulli. Ki kawo min shi kafin ƙarfe uku. Yunƙurin kisa za mu rubuta."

"Sar, ban ko tambaye shi ba."

"Sai ki tambaye shi a mota."

Ta je ta tsugunna gaban Dhandapani. Siriri ne, toka a goshi, farar riga mai aljihu cike da biro. Idonsa na kan koren allon.

"Baba, ina makullin?"

Ya ciro shi daga zaren da ke wuyansa. Aka buɗe akwati. Ambulan na nan, jan hatimi bai fashe ba.

"Ana iya sake manne shi," in ji Tandon daga baya.

"Sar, je ka ofishinka ka sha ruwa. Zan zo." Ta jira ya fita. "Baba, me ya sa ka hana a rufe sunansa?"

"Shekara talatin da ɗaya shi ke rataya wa Kaka fure. Na ce ko sunansa ne ya ga pujar bana."

"Ka san cewa kai ake zargi? Idan na fita da kai yau, ba lallai ka sake kwana a gidanka ba."

"Na ji, 'yata." Bai ko juyo ba. "Kin san yadda Kaka take? Jiki ɗaya ne, amma an yanka cikinta ɗaki-ɗaki, sun fi ɗari biyu. Kowane ɗaki yana zaton shi kaɗai ne na'ura a duniya, bai san da na kusa da shi ba. Ɗaya na riƙe da jerin ƙoda, ɗaya na bankin jini, wasu na gwaji ne, wasu ba wanda ya tuna me aka gina su don shi. Idan ɗaki ya sume, Sambandam ke shiga ya tashe shi. Yakan ce mu ma haka muke, ɗakuna ne a cikin wani abu. To mutumin da ya yi rabin ransa a can ciki, ina kike so ya je in ya mutu?"

Vedavalli ta ji gashin hannunta ya tashi. Ta ce wa kanta sanyin ɗakin ne.

"Kana cewa abokinka ya dawo don ya kashe mai sayar da fure?"

Nan fuskarsa ta yamutse. "Shi ne abin da ya tsaya min a nan," ya dafa maƙogwaro. "Mutumin da ko kyankyaso ya gani sai ya ɗauke shi a takarda ya kai waje. Amma shi ne. Dubi lokacin. Wa zai jira Rahu ya wuce in ba shi ba?"

Ta dubi takardar. Goma da rabi daidai. Na biyu, goma da rabi da daƙiƙa ɗaya. Na uku, da daƙiƙa biyu. A bango, saman kujerar marigayin, akwai kalandar da ake yage wa ganye kullum, kuma wani yana ci gaba da yagewa. A ƙasan ganyen yau an rubuta: lokacin Rahu, tara zuwa goma da rabi. Awa ɗaya da rabin nan ta rashin sa'a, wadda kowace rana ke da tata, da ba a fara komai a cikinta, ba a ɗaura aure, ba a fita tafiya. A ofishin 'yan sanda ma da safen nan sai da suka tsaya da kabewa a hannu har agogo ya cika kafin a fasa ta a gaban motoci.

Ta miƙe ta tafi kantin ma'aikata. A can ta samu Meherunnisa, wadda ke kula da manhajar jerin ƙoda shekara goma sha biyu, tana ƙulla soyayyar shinkafa da wake a leda don rabon ma'aikata. Mace ce mai jiki, mayafinta ya zame, ba ta damu ba.

"Ina kike daga tara zuwa goma da rabi?"

"Nan, Madam, da mata huɗu, muna fama da ledoji. Ni ba pujata ba ce, amma duk shekara ni ke ƙulli, wai hannuna ya fi sauri. Ki tambaye su. Kuma in dai yayanmu Dhandapani-anna za ki kama, ki haɗa da ni. Mutumin da ko fayil ɗin shara zai goge sai ya ba shi haƙuri."

"Ke ma fatalwa kika gani?"

"Ni abin da na gani shi ne aiki ɗaya an turo shi sau uku. Na farko ya rubuta ta mutu. Na biyu da na uku suka tarar ta riga ta mutu, shi ya sa Kaka ta yi ihu, ta zubo duka ukun a firinta. Da sau ɗaya ne, da ba wanda ya ji."

Vedavalli ta ɗebi wake ta watsa a baki. "Mai ɗana agogo ba ya ɗana shi sau uku. Wa ke danna abu sau uku?"

"Mijina, in lif ta hawa bene ta ƙi zuwa."

"Wato wanda ya danna bai ga komai ba, ya sake dannawa. Akwai abin da zai sa Kaka ta karɓi aiki ta riƙe shi, ta ƙi yi?"

Hannun Meherunnisa ya tsaya a kan leda. Sannan ta ce, "Ya Allah. Mai gadi."

"Wane mai gadi?"

"Tun kafin in zo, wata rana Sambandam-sar ya shagala ya tura gyara a lokacin Rahu. Ɗakin bankin jini ya faɗi, kwana biyu ba su runtsa ba. Kuskuren rubutu ne kawai, amma je ki gaya masa. Sai ya rubuta wata 'yar manhaja ya ɓoye ta a wani ƙaramin ɗaki. Duk aikin da aka tura da sunansa a lokacin Rahu, sai ta ce an karɓa, ta zauna a kansa har lokacin ya fita. Ni ta taɓa kama ni. Ranar bikin 'yarsa ya ara min sunansa, na tura aiki, shiru. Na kusa cire gashin kaina. Na kira shi a waya, ga ganguna na tashi, yana dariya yana cewa, ƙanwata, sha kofi, mai gadi zai buɗe miki."

"Su wa suka san da shi?"

"Duk tsofaffin ma'aikata."

"Manaja fa?"

Meherunnisa ta yi tsaki. "Wa zai gaya masa? Mutumin da satinsa na farko ya sa aka cire hoton Ganesha, abin bautarsu, daga kan Kaka, wai ƙura? Da ya ji, da ranar ya sa an goge."

Ƙarfe ɗaya ta wuce lokacin da suka koma ɗakin injuna. Dhandapani na nan inda aka bar shi. Vedavalli ta zauna a ƙasa kusa da shi.

"Baba, ka san da mai gadi."

Gurnanin Kaka ya cika ɗakin.

"Na sani," ya ce a hankali. "Tun da na ga lokacin na tuna. Amma na fi son ya zamana shi ne. Kwana arba'in ban ji motsinsa ba."

"Ko da za a ɗaure ka?"

"Ban kai tunanina can ba."

"To kai shi. Mai gadin nan yana rubuta waɗanda suka ƙwanƙwasa?"

"Yana rubutawa. Daga wane tebur, ƙarfe nawa. Sambandam ba ya yin abu rabi."

"Buɗe min."

Ya kalli maɓallan da furannin da ke kansu, ya mayar da hannuwansa baya. "Yau? Gobe da safe, 'yata. Yau ba na taɓa ta."

"Gobe da safe kana bayan kanta."

"To sai in kwana. Shekara talatin ban taɓa ba."

Vedavalli ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai Meherunnisa ta ja kujera ta zauna, ta tattara furannin a hankali ta aje su a gefe. "Dhandapani-anna, ni dai ba a hana ni ba. Riƙe hannunka inda yake, ka faɗa min hanya. Baki ba ya cikin kayan aiki, ko yana ciki?"

Tsohon ya yi ɗan murmushi, karo na farko. Ya tsaya a bayanta, hannu a baya kamar ɗan makaranta, yana faɗa tana bugawa. Suka bi ta ɗakunan da Meherunnisa ba ta taɓa jin sunansu ba, wasu an gina su tun tana firamare. Can allon ya share kansa, ya kawo ɗan gajeren jeri. Layukan sama na shekarun baya ne. Uku na ƙarshe na yau ne: tara da minti goma sha biyu, tara da sha tara, tara da talatin da ɗaya. Duka daga tebur ɗaya.

"Teburin wa ke nan?"

Meherunnisa ta ɗaga ido ta kalli silin, inda ofishin bene yake.

Tandon na tsaye a taga lokacin da Insfekta ta shiga. Kwamfutarsa ce kaɗai a ginin da ba a ɗiga wa sandal ba.

"Sar, ina kake daga tara zuwa goma da rabi?"

"Nan. Ina waya da Delhi. Da ƙarfe goma da rabi kuwa ina ƙasa, gaban mutum ashirin."

"Ban tambaye ka goma da rabi ba. Wani ya shigo nan?"

"A'a."

"Ƙofa a kulle?"

"Kullum."

"Wace ce ta biyu a jerin, bayan mai furanni?"

"Ban haddace jerin ba."

"Nirmala Sehgal. An kawo ta daga Delhi shekara biyu da suka wuce. Na kira asibitin. Sun ce ƙaninta ne ke kawo ta wankin jini Talata da Juma'a, dogo, mai tabarau, ba ya jin yarenmu."

Ta aje masa takardar mai gadi a tebur. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya zauna.

"Mene ne wannan? Wa ya rubuta wannan?"

"Mutumin da ka je gaisarwa sau biyu. A zuwa na nawa ka karɓi kalmar sirrin?"

Ya cire tabarau. "Na biyu. Na ce masa saboda aiki ne. Ya rubuta min a bayan takardar magani." Ya aje tabarau a tebur. "Nirmala yayata ce, ita ta raine ni, Madam. Likita ya ce ba za ta ga sabuwar shekara ba. Ranakun biki hatsarin mota ke yawa, ƙoda na samuwa. Kwana biyu kawai nake so. Da na mayar da matar wurinta, in ce kuskuren na'ura ne."

"Bari in gaya maka yadda aka yi, ka gyara min in na kauce. Ka zaɓi yau saboda yau ba mai duba allo. Ka zaɓi sunan mamaci saboda in ta ɓaci akwai tsoho mai makulli. Tara da 'yan mintuna kowa na ƙasa yana goge-goge, ka tura aikin. Na'ura ta ce ta karɓa. Ka duba jerin, matar tana raye. Ka sake, ka sake. Aka aiko kiranka puja, ka sauko kana zaton abin ya ƙi ne kawai. Duk wanda ya daɗe a gidan nan ya san sunan Sambandam ba ya aiki a lokacin Rahu. Da Dhandapani ne, da ya tura tun takwas, sau ɗaya, shiru. Mutum ɗaya ne a ginin nan aka ɓoye wa, don kada ya goge."

Tandon ya yi wata irin dariya marar sauti. "Camfi. Camfin tsoho ne ya kama ni."

"Tashi mu je, Sar. Ana jiranmu kafin uku."

Kafin su fita Meherunnisa ta riga ta mayar da Ponnuthayi cikin masu rai, da sunanta ita Meherunnisa, likita na tsaye yana shaida. Sannan ta kwashe furannin ta mayar kan maɓallan yadda ta same su.

Ranar Litinin da safe Vedavalli ta dawo don Dhandapani ya sa hannu a bayaninsa. Takwas saura kwata. An cire ganyen ayaba daga ƙofa, furannin Kaka sun fara yin baƙi. Ta same shi shi kaɗai gaban koren allon, da kofi biyu a tebur, ɗaya a gabansa, ɗaya gaban kujerar da ba kowa.

"An ba ni umarni in rufe sunansa yau," ya ce. "An ce da sunan nasa zan shiga in sallame shi. Na fasa hatimin. Na tura."

"To ya rufu?"

Ya nuna mata kalanda da haɓa. Litinin: lokacin Rahu, bakwai da rabi zuwa tara.

Ta dubi allon. An rubuta an karɓa, kuma sunan Sambandam na nan a ƙasa, ɗan koren haske na kiftawa a gefensa.

"Da gangan ka yi, Baba."

"Zauna, 'yata," in ji shi, ya jawo mata wata kujera daban. "Ba waccan ba. Saura awa ɗaya da kwata."

Ta aje takardunta ta zauna. Kofin da ke gaban kujerar yana ta tururi a cikin sanyin ɗakin.